Bankelal Mai Faci da Gujhiyar Holi

Mijin yayata, Bankelal, facin tayar keke yake yi a bakin layinmu a garin Orai, amma in ka zauna a bencinsa ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ƙasa. Babu abin da bai iya ba. Ya san maganin da ya gagari likita, ya san inda gwamnati ta yi kuskure, ya san ranar da za a yi ruwa, in kuwa ba a yi ba to hadarin ne ya makara. Ni Ramkali ƙanwar matarsa ce, gidana na jingine da nasu, kuma al'ada ta ba ni izinin tsokanarsa har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Ban taɓa wasa da wannan haƙƙi nawa ba.

A shekarar da nake ba ku labari aka aurar da 'yarsu Kusum zuwa Kalpi. Amarya a gidan iyayenta take yin Holinta na farko, bikin nan namu na watsa wa juna kala, don haka ta dawo ana gab da bikin, ta rame, ta yi sanyi. Mijinta Omkar ba shi da matsala, saurayi ne mai kunya. Uwarsa Bagwanti ce tashin hankalin. Matar nan in ta ɗanɗana miya sai ta faɗa maka tarbiyyar wadda ta dafa, har ta haɗa da kakarta. Ita ce ta aiko cewa ranar Holi da yamma za ta zo da kanta tare da ɗanta, ta ci gujhiya, kayan zaƙin da ake soyawa a bikin, a gidan da aka ɗauko mata suruka, ta ga ko gidan mutane ne.

Kusum ta same ni a ɗaki tana murza bakin zanen sarinta, ta kira ni da sunan da ake kiran ƙanwar uwa, ta ce, "Mausi, in gujhiyar nan ba ta yi ba na shiga uku. Har Holin baɗi da ita za a riƙa yi mini gori a gaban baƙi. Ko yanzu ma ba ta kiran sunana, sai dai 'yar mai faci."

Da ba abin damuwa ba ne, don yayata Fulmati, wadda nake kira Didi, ta iya gujhiya. In ta murje fulawa da man shanu, ta cika ta da mawa, madarar nan da ake ƙafewa a wuta har ta dunƙule, ta zuba sukari da kwakwa da zabibi, ta ninke ta kamar rabin wata, ta kitse bakin da yatsu biyu ta soya, har tausayin ci kake ji. To sai ga shi ana wannan shiri ta zame a bakin famfo, hannun dama ya karye, aka naɗe shi har gwiwa.

A layinmu wannan ma ba komai ba ne. Dama taruwa mata suke yi gida-gida, yau a yi na wannan, gobe na waccan, hannu na aiki baki na gulma. Ranar jajibere muka hallara don mu yi wa Didi nata. Mun shimfiɗa tabarma ke nan a tsakar gida, Kaki Dulari, tsohuwar da ta girmi kowa a layin, ta zauna ta naɗe ƙafa, sai ga Bankelal ya shigo da buhun fulawa a kafaɗa yana haki.

Ya dire buhun ya ce, "Iyayena, sannunku da zuwa, sannunku da komawa."

Kaki Dulari ta ce, "Banke, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya ce ta kawo haka, Kaki. Gujhiyar da surukar 'yata za ta ci ba za a yi ta da hannun aro ba. Ni zan yi."

"Kai? Ka taɓa dafa ko ruwan shayi?"

"Kaki, wai mece ce gujhiya? Fata ce a waje, kaya a ciki, a liƙe baki kada ta yi yoyo. To ni me nake yi tun ina saurayi? Tayar da na liƙe ta je Kanpur ta dawo da mutum uku a kai. Abin da ke cutar ku mata, ba ku da ilimin iska."

Na ce da mijin yayar tawa, "Jijaji, ilimin iska kam ai kai ne babban malaminsa. Tun safe ita kake fitarwa."

Bai kula ni ba. Didi ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce, "Baban Kusum, don girman Ubangiji ka bari. Mutuncin yarinyar nan ne a kai."

"Maman Kusum, ke dai ki ji da hannunki. Gobe war haka za ki ce dama tun ranar aurenmu ni ke shiga kicin."

Kusum ta ce da babanta, "Babuji, to ko ni in yi? Mama ta koya mini."

"Amarya ba ta aiki a gidan ubanta. Zauna ki ga abin da za ki ba jikokinki labari."

Kaki Dulari ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce, "Ku tashi mu tafi. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi." Amma ba mu yi nisa ba. Saman rufin gidana muka hau, inda ake ganin tsakar gidansu tas, muka jera kamar masu kallon wasa. Har da mai kawo gyaɗa.

Ya fara da kwaɓi. Kowa ya san sai an murje fulawa da man shanu kafin ta ga ruwa, amma Bankelal ya ture kwanon man gefe. Da Didi ta yi magana sai ya ce duk mai faci ya san maiƙo da liƙi ba sa shiri, in maiƙo ya taɓa roba ko sholishon duniya ka shafa ba zai kama ba. Ya kwaɓa da ruwa zalla, ya dinga kirɓa da gwiwar hannu har gumi ya jiƙa masa riga. Sandar murza fulawa ta yi masa gajarta, sai ya wanke famfon iskarsa ya yi murji da shi. In ya murza kwaɓin ya faɗaɗa, yana ɗaga famfon sai ya tattare ya koma yadda yake.

Ya ɗago yana murna ya ce da mu, "Kun gani? Roba sak!"

Kaki Dulari ta ce, "Mun gani, Banke. Haƙoran surukarka na roba ne su ma?"

Ya koma kan mawa. Tana kan wuta tana tafarfasa ya juye mata sukari gaba ɗaya, nan take ta narke ta tsinke, zabibi na iyo a ciki.

Na leƙa na ce, "Jijaji, kunu kake damawa? Ashe haihuwa aka yi ba mu sani ba."

"Ke Ramkali, ƙauyanci ne ke damunki. Ta zamani ɗura ake yi mata."

Ya kuwa ɗauko mazurari. Mu cokali ɗaya muke zubawa, shi sai da kowace ta kumbura tam ya ce tayar da ba ta sha iska ba ba taya ba ce, kuma gara Bagwanti ta san gidan yalwa ta shigo. Kitson baki ya gwada sau ɗaya, yatsunsa suka ƙi, sai ya ce dama kwalliya ce ta marasa aikin yi. Ya riƙa matse bakin da filaya.

Mu da ƙyalle mai laima muke rufe gujhiya kada ta bushe kafin ta shiga mai. Bankelal ya ce faci sai ya sha rana yake kamawa, ya kwashe su ya shanya a kan gadon igiya a tsakiyar rana. Kafin ya sha ruwa ya dawo duk sun tsattsage, mawa na tsiyaya ta ƙarƙashin gado, tururuwa sun fara sallama. Ko a jikinsa. A nan ma ya ji an zo fagensa. Ya zauna ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ya kankare wurin tsagar da cokali mai yatsu, ya yanki ɗan kwaɓi zagayayye ya liƙa, ya danna da babban yatsa, ya hura. Wata faci biyu, wata uku, wata facin ma sai da aka yi masa faci.

Ana cikin haka wani ƙaton biri ya diro daga katanga. Mu duka muka yi tsit, don birin nan ya saba kwashe mana kayan shanya. Ya ɗauki gujhiya ɗaya, ya gatsa, ya ja, ta miƙe, ya saki ta koma. Ya juya ta ya duba ɗaya gefen. Sai ya mayar da ita daidai inda ya ɗauka, ya haye katanga ya yi gaba.

Rufin gidana ya kusa ruftawa don dariya. Bankelal ya gyara gashin baki ya ce, "Ko dabba ta san wannan ba abincin ƙananan mutane ba ne."

Can na tuna da ta ango. Angon da ya zo Holin farko gidan surukai, dole a ɓoye masa gujhiya ɗaya ko biyu da aka cusa wa auduga, ya gatsa ya yi ta tauna, mata su samu abin dariya. Aikina ne a matsayin ƙanwar uwa, sai na sauko da 'yar audugata a hannu.

Bankelal ya fizge ya ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar? Ke wasan yara za ki yi. Ni in zan tsokani ango, tsokanar manya nake yi."

Ya shiga ɗaki ya farke filon Didi, ya fito da auduga rungume. Da sauran kwaɓin da ya rage ya cusa ya liƙe, ya cusa ya liƙe, har sai da kwaɓin ya ƙare.

Na ce, "To yaya za ka gane su a cikin sauran?"

"Zan sa musu faci a gefe."

"Jijaji, dubi gadon nan. Akwai wadda ba ta da faci a gefe?"

"Ramkali, makiyayi ba ya ɓatan tumakinsa. Je ki huta."

Ya tattara duka ya loda a babban kwando, ya rufe, ya ce suya sai gobe, kuma ba a kicin ba. Abu mai kyau ba a ɓoye shi.

Da safen Holi layinmu ya kacame. Ganguna na tashi, samari na watsa wa juna ruwan kala, babu fuskar da za ka gane, kowa ya koma ja da kore da shuɗi. A tsakiyar wannan hargitsi Bankelal ya kafa murhu a ƙofar shagonsa, ya ɗora babban kasko, ya juye man shanun da Didi ta daɗe tana tarawa. Ya ɗaura rawani sabo. Ya sa Sukhram mai shayi, maƙwabcin shagonsa, ya riƙa kore masa masu watsa ruwa. Jama'a suka zagaye shi, wasu don kallo, wasu don mugunta.

Ya buɗe kwando ya kwashi na sama ya zuba a mai. Na runtse ido. Da na buɗe sai na ga abin da ban zata ba. Gujhiyar Bankelal na yawo a kan mai lafiya lau, ba wadda ta fashe, ba wadda ta nutse, sun taso sun yi ja kamar zinariya. Ya juya su, ya tsame, ya jera a tiren tagulla. Ko facin ma ya yi musu kyau.

Kaki Dulari ta matso da sandarta ta leƙa, ta ce, "Ikon Ubangiji! Banke, ko dai mu ne ba mu iya ba?"

"Kaki, ban so in faɗa da bakina ba."

Sukhram ya miƙa hannu, Bankelal ya doke shi da matsami. "Kul! Wannan na Samdanji ne, uwar angonmu. Kusum, zo ki kai ɗaki ki rufe, ko ƙuda kada ya sauka." Kusum ta ɗauki tiren tana murmushi, karo na farko tun dawowarta. Ni ma na ji sanyi a raina, ban kawo komai ba.

Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma yabo ya hau masa kai. Sukhram ya leƙa kwandon ya ce, "Bhaiya, na ƙasan nan fa kamar suna naso."

"Naso? Matsa ka ga yadda masana ke gwada aiki."

Ya jawo kwanon ruwan da yake tsoma robar taya in yana neman huji, ya zuba sabon ruwa, ya riƙa tsoma gujhiya ɗaya-ɗaya yana kara kunne. Kowace ya tsoma sai kumfa ta taso, ɓul-ɓul-ɓul.

Sukhram ya ce, "Ga shi kuwa duk suna numfashi."

"Ƙaramin yoyo ne, zafi zai liƙe shi. Ƙara mini itace. Wannan wutar mata ce, a haka sai baɗi za mu gama."

Didi ta ƙwalla daga bakin ƙofa, "Baban Kusum, kada ka sa su a jiƙe!"

Ai kafin ta rufe baki ya juye rabin kwando a cikin man da ke hayaƙi.

Da farko kaskon ya yi wani irin tsaki. Sai ta farko ta yi tas! Ta biyu ta amsa. Daga nan babu wanda ya iya ƙirgawa. Mawa mai zafi ta dinga tashi sama tana sauka a kan jama'a, facin Bankelal na ɓallewa suna shawagi, wani ya manne a sanƙon Sukhram, ya kwasa da gudu yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Masu ganga suka watsar da ganguna. Wata saniya da ke kwance a bakin layi tun safe, wadda ko mota ba ta tayar da ita, ta miƙe ta bi sahun mutane. Bankelal ya ɗauki tsohuwar taya ya kare fuska da ita, ta tsakiyar ramin yana ba jama'a haƙuri.

"Kada kowa ya gudu! Iska ce take fita! Haka ake so!"

Man ya koma baƙi, hayaƙi ya turnuƙe layi. Kaki Dulari ce ta lallaɓa ta baya ta zare itacen da sandarta. Samari suka hango bakin wandon Bankelal na hayaƙi, suka juye masa bokitin ruwan kala har biyu, ja da kore, rawani ya sauko masa a wuya. Da hayaƙin ya lafa muka leƙa kasko. Abu ɗaya ne a ciki, dunƙule, baƙi ƙirin kamar kwalta, zabibi sun fito masa kamar idanu.

Na ce, "Jijaji, wannan tayar wace mota ce?"

Ya share fuska ya ce, "Man shanun ne na jabu."

Didi ta ce, "Daga saniyar babanka aka kawo shi."

"To itacen ne."

"Kai ka faskara."

"Maman Kusum, in mutum na bincike ba a katse shi."

Sauran rabin kwandon kuwa, da ya sha ruwa ya sha zafin murhu, ya narke ya haɗe ya zama abu guda. Kusum ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska ta fashe da kuka. A nan dariya ta ɗauke mini. Tausayin yarinyar ya kama ni, na ji kamar in ɗauki famfon nan in sauke masa a ka.

Ya tsuguna a gabanta yana ɗigar da ja da kore ya ce, "Haba 'yata, kukan mene ne? Baƙi biyu ne fa. Ga tire guda a ɗaki cike da zinariya. Wa zai tambayi abin da bai gani ba?"

Didi ta shiga ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta fito ta ce gaskiya ne, zai ishi mutum biyu har a yi saura. Hankalin kowa ya kwanta.

Da yamma aka yi wanka, aka sa fararen kaya, aka share ƙofar gida, aka tura kaskon bayan shago. Maƙwabta suka cika tsakar gidan da sunan gaisuwar Holi, amma kowa ya san abin da ya kawo shi. Sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya. Bagwanti ta sauko, doguwa, da tabarau a kan hanci, tana duban gidan kamar wadda ta zo taya shi. Omkar na biye da ita kansa a ƙasa. Kusum ta durƙusa ta taɓa ƙafafunta, aka ɗiga wa juna jan gari a goshi, aka zaunar da su a kan sabuwar darduma.

Bankelal da kansa ya kawo tiren, ya yaye ƙyallen a hankali. "Samdanji, ba don ina gabanki ba, daga nan har Kalpi babu inda za ki ga irin wannan. Da hannuna na yi. Mata sun so su sa hannu, na ce a'a, babban baƙo sai babban aiki."

Ta ɗauki ɗaya ta juya ta. "Wannan tabon fa na gefe?"

"Tambarin gidanmu ne."

"Ba ta da nauyi."

"Ai sirrin ke nan. Ta wasu dutse ce a ciki, tamu kamar auduga."

Yana faɗin haka gabana ya faɗi. Na tuna waɗanda ya yi a ƙarshe, na tuna su ne a saman kwando. Na buɗe baki, amma Bagwanti ta riga ta gatsa.

Ta tauna. Ta sake taunawa. Ta dakata, ta dubi sama, ta ci gaba da tauna. Sai ta sa yatsu biyu a baki ta kamo wani farin abu ta ja, ya biyo, ta ja, ya biyo, kamar mai kaɗi. Omkar a gefenta shi ma ya gatsa tuntuni, kunya ta hana shi tofarwa, sai ƙoƙarin haɗiyewa yake yi idanunsa na hawaye.

Bankelal ya ce, "Laushi ko, Samdanji?"

Bagwanti ta ajiye ta hannunta. Ta ɗauki wata ta ɓare, auduga. Ta ɓare ta uku, auduga, har da ɗan zaren rigar filo. Kusum ta daskare a inda take tsaye.

Ban san lokacin da na tafa hannu ba, na ce, "Holi ce, Samdanji! Ranar Holi ba a fushi!"

Bagwanti ta dube ni ta saman tabarau har na fara nadamar haihuwata. Sai gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "Rabon da wani ya yi ƙarfin halin tsokanata tun ina amarya."

Bankelal ya cafke zancen tun bai faɗi ƙasa ba. "Ai na gaya musu! Na ce Samdanji mace ce mai raha, ku dai ku zuba ido. Tun jiya nake shirya miki wannan. Filo guda na sadaukar."

"Madalla, Samdiji, uban amaryarmu, ka iya wasa. To na ci ta wasa." Ta kakkaɓe hannu. "A kawo ta gaske."

Bankelal ya dubi Didi. Didi ta dubi hannunta mai karaya. Sukhram ya shafa sanƙonsa ya dubi sama. Ni kuwa na hango Kaki Dulari tana yi wa mata alama da ido, suna zamewa ɗaya-ɗaya. Ba a jima ba suka dawo a jere, kowace da faranti a rufe daga gidanta, suka ajiye a gaban baƙuwa.

Taimako suka yi niyya, amma cikin gaggawa babu wadda ta tuna. A wurinmu gida ɗaya ne maƙwabta ke kai wa gujhiya haka a rufe don bai soya tasa ba, gidan da aka yi rashi a shekarar. Fuskar Bagwanti ta canza nan take. Ta ja sarinta ta rufe kai, ta dafe ƙirji.

"Hai Ram! Rasuwa aka yi a gidan nan ba ku aiko mana ba? Kuka bar ni na zauna ina washe baki? Wa ya rasu?"

Babu wanda ya motsa. Kusum ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Bankelal ya daɗe yana kallon bayan 'yarsa. Da ya yi magana, ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Gujhiya ce, Samdanji. Yau da safe, a bakin layi. A hannuna ta cika. An ma riga an ƙone ta, mutanen nan duk sun halarta." Ya nuna Kusum. "Yarinyar nan ta roƙe ni in bar ta ta yi, na hana. Uwarta ta roƙe ni, na hana. Ba laifinta a ciki ko kaɗan. In akwai gori, ga ni, ni za a yi wa."

Sukhram, da ba a aike shi ba, ya zagaya bayan shago ya jawo kaskon ya ajiye a tsakiya ya ce, "Ga mamaciyar, ko za a yi mata kallon ƙarshe."

Bagwanti ta leƙa. Baƙin dunƙulen ya zuba mata idanunsa na zabibi. Sai wata ƙara ta ƙwace mata ta hanci, ta toshe baki, abin ya fi ƙarfinta, ta kece da dariya har tabarau ya faɗo mata a cinya. Gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Mata suka yi ta rige-rigen ba ta labari, wannan ta kawo na biri, waccan ta kawo na mazurari, Kaki Dulari ta miƙe ta kwaikwayi yadda ya leƙo ta ramin taya. Omkar ya samu sarari ya juya baya ya tofar da audugarsa.

Da ta samu numfashi ta share ido ta ce, "Kusum, zo nan ki zauna." Ta ɗauki gujhiya daga farantin Kaki Dulari, ta raba biyu ta ba ta rabi. "Ke a hannun mutumin nan kika tashi?"

"E, Ammaji."

"Kullum haka yake?"

Didi ta ce, "Yau ma don yana jin kunyar baƙi ne."

Bagwanti ta girgiza kai, ta jawo tiren tagullar kusa, ta rage murya, amma ni ina kusa na ji. "Naɗe mini sauran na audugar nan, kada a taɓa ko ɗaya. Akwai faccalata, matar wan mijina. Tun da na shiga gidan mijina take cewa gujhiyata ba ta da laushi. Gobe za mu je mu gaishe ta. Ke za ki miƙa mata tiren, ke amarya ce, ba za ta zarge ki ba. Ni ina tsaye a bayanki. Amma fa kin iya riƙe dariya?"

Kusum ta ɗago, idanunta ba su gama bushewa ba, ta ce, "Na iya, Ammaji. A gidan nan na girma."

Da za su tafi Bagwanti da kanta ta riƙo hannun Kusum ta hau da ita keken, ƙullin na kan cinyarsu su biyu, Omkar ya matse a gefe. Muka tsaya a bakin layi muna ɗaga musu hannu. Ni har ƙwalla na share, don na san yarinyarmu ta samu wurin zama a gidan mijinta.

Bankelal ya bi keken da kallo har ya sha kwana. Sai ya gyara gashin baki, ya juyo ya dafa kafaɗar Sukhram ya ce, "Ka dai gani da idonka. Ta matan layin nan duk a nan aka ci aka bar ta. Tawa ce kaɗai za ta Kalpi."